Rahoton Kwamitin Gyaran Rumfunan 'Yan Gwari da Gina Ɗakin Ajiyar Kayan Lambu

Zuwa ga Mai Girma Dagaci, Allah ya ƙara masa lafiya, da masu unguwanni, da limamai, da Sarkin Kasuwa, da dukkan 'yan garin nan na gida da na nesa. Assalamu alaikum.

Kwamitin da al'umma ta ɗora wa alhakin gyaran rumfunan 'yan gwari yana sanar da cewa aiki ya kammala, an miƙa makullai ga Sarkin Kasuwa, kuma masu sayar da kayan miya sun koma wurarensu.

Ya kamata a tuna dalilin da ya sa aka fara wannan aiki. Garinmu yana cikin yankin da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma albarkacin wannan ruwa ne noman rani ya zauna da gindinsa a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Tumatirin da 'ya'yanmu ke nomawa ana kwasar sa tun da asuba zuwa Kwanar Gafan, daga can a yi lodinsa a manyan motoci har kasuwar Mile 12 ta Legas. Ba mu ƙi wannan ciniki ba, domin da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake aurar da 'ya'ya. Abin da ya dame mu shi ne, a tsakiyar kakar tumatir sai ka tarar da uwargida a cikin garin nan tana miya da tumatirin leda, saboda yaron da ta aika cefane bai samu na kirki a kasuwa ba. Manomi ba zai kawo zaɓaɓɓen kayansa inda babu inuwa ba, don haka sai ragowar da dillali ya ƙi ce take isowa gare mu.

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar kafin gyara ya san dattijon nan mai alayyafo da latas da ke zama a bakin tsohuwar rumfa, da ɗan kwanon ruwa a gefensa, yana tsoma hannu yana yayyafa wa ganyen. Kafin kiran sallar azahar ganyen ya yi yaushi, kashin da ya kasa da safe sai ya haɗa biyu ya sayar a kuɗin ɗaya, abin da ya rage kuma na awaki ne. Gara ta cinye ginshiƙan rumfar, iskar farkon damina ta yaye rabin kwanon rufin, ruwan kwata kuma yana kwanciya daidai inda ake shimfiɗa buhu a baza kaya.

An rushe tsofaffin rumfunan gaba ɗaya, domin magina sun tabbatar mana cewa faci ba zai riƙe ba. An kafa ginshiƙan ƙarfe a madadin katako, an ɗaga daɓen ƙasa sama da yadda yake, an gina dakali a kowane layi domin kaya su bar ƙasa. Maganar rufi ce ta fi ɗaukar lokaci a zaman kwamiti. Wasu sun nemi a yi rufin zana saboda sanyinsa, wasu kuma suka ce kwano ya fi ƙarko kuma bai da haɗarin gobara. A ƙarshe aka haɗa biyun: an yi kwano, an ɗaga shi sosai yadda iska za ta riƙa ratsawa, sannan aka shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa domin ta tare zafin da kwano ke saukarwa. An kuma miƙar da tsawon rumfar daga gabas zuwa yamma, saboda kada hantsi da ranar la'asar su riƙa shiga ta gefe suna dukan kaya.

Sabon abin da aka ƙara shi ne ɗakin ajiya, wanda ba ya buƙatar wutar lantarki. Bangonsa gawayi ne da aka cika tsakanin ragar waya biyu, ruwa kuma yana ɗiga a kansa daga wani siririn bututu da aka huhhuda, wanda ke zuwa daga tankin rijiyar burtsatsen kasuwa. Idan busasshiyar iska ta ratsa jiƙaƙƙen gawayin, sai ta kwashe danshin tare da zafin, cikin ɗakin ya yi sanyi. Hikimar randa ce da iyayenmu suka sani tun da daɗewa, kuma a kanta ne Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Wajibi ne mu faɗi iyakar wannan ɗaki, domin kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ba firiji ba ne. Amfaninsa shi ne ya ƙara wa tumatir da tattasai da ganye 'yan kwanaki, kuma ƙarfinsa yana cikin hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe. Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, iskar kanta cike take da danshi, sanyin zai ragu ƙwarai. Haka kuma an hana shigar da albasa cikinsa, domin albasa bushewa da iska take so, danshi kuwa ruɓar da ita yake yi ko ya sa ta tsiro. An yi mata nata katakon ajiya daban a ƙarshen rumfa.

Akwai waɗanda suka ba da shawarar a keɓe wurin ga tumatir kaɗai, amma kwamiti bai amince ba. Ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har kwando ya gagari talaka. Kasuwar da ta dogara da abu ɗaya takan mutu tare da shi, don haka an ware layi ga masu kuɓewa da yalo da karas da kabeji, an kuma ware wani ga dattawan mata masu zogale da rama da yakuwa da kauɗa, waɗanda a da suke zama a rana a bakin hanya.

Aikin ya gamu da cikas guda biyu. Na farko, tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako da na kayan gini ba su zauna wuri ɗaya ba, wannan ya sa muka dakata har sai da aka sake neman gudummawa. Na biyu kuwa laifinmu ne, kuma mun ɗauka: daɓen layin farko ba a ba shi gangaren da ya kamata ba, da aka zuba ruwa don gwaji sai ya kwanta a tsakiya, dole aka fasa aka sake. Asarar simintin tana rubuce a littafin ma'aji, wanda aka karanta a gaban jama'a, kuma yana hannun sakatare ga duk mai son dubawa.

Muna godiya ga matasan da suka yi aikin gayya na haƙa da ɗibar yashi, da masu amalanke da suka yi jigilar tsakuwa ba su karɓi ko kwabo ba, da matan da suka ba da kwasar adashensu, da 'yan'uwanmu mazauna Legas da Fatakwal da suka aiko da nasu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

A zaman da aka yi da ƙungiyar manoman lambu, sun yi alƙawarin cewa kowace safiya za a fara sauke wani kaso na sabon tsinka a wannan rumfa kafin a wuce da sauran bakin titi. Kwamiti ya kuma roƙe su da su riƙa kawowa a akwatunan roba, domin kwandon gargajiya idan aka jibga shi na ƙasa ne ke fashewa. Abin da ya rage shi ne ƙarshen magudanar ruwa ta bayan kasuwa, wadda kuɗi bai kai a yi mata siminti ba, da kuma ramin tara ɓawo da ruɓaɓɓen ganye don yin taki. Mun miƙa waɗannan biyu ga Sarkin Kasuwa, tare da roƙon a kammala magudanar kafin saukar ruwan farko.