Wasiƙa daga Aboabo

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Jamus? A gaida Madam da yara. Saƙonka na batun fili ya iso tun kafin Babbar Sallah, na yi shiru, na san ka yi fushi. Ka yi haƙuri, abu ne ya sha kaina.

Ka tuna ciwon da ya ɗauke Baba? Mu dai mun ce hawan jini ne, sai daga baya aka ce ƙoda. To, ashe gado ne, kuma ya faɗo kaina. Wata uku da suka wuce na ga jini a fitsari, ga wani nauyi a kwiɓi, na tafi asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi. Aka shafa mini man nan mai sanyi a ciki aka yi sikanin, sai ga ƙodojin biyu cike da 'yan ƙululai masu ruwa, manya da ƙanana. Likita ta tambaye ni ko akwai mai ciwon ƙoda a gidanmu. Da na ambaci Baba da Gwaggo sai ta gyaɗa kai. Ta ce idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira.

Abin da ya ɗaure mini kai, gwajin jinina lafiya lau. Na ce mata to ai da sauƙi ke nan. Ta ce a'a, wannan ciwon yana da ɓoyo. Ƙululan suna girma suna danne naman ƙoda, sauran naman mai lafiya yana ƙara himma yana rufe asiri, shekara da shekaru jini ba zai nuna komai ba. Ranar da ya nuna, an riga an yi ɓarna. Shi ya sa girman ƙodar ake aunawa, shi ne ba ya ƙarya.

Aka tura ni hoton MRI. Dogo, kai da ko lif ba ka shiga sai ka karanta Ƙulhuwallahu, ban san yadda za ka yi da wannan ramin ba. An kwantar da ni an zura, ƙara kamar injin niƙa na bakin kasuwar Asawase, ana ce mini riƙe numfashi, saki. Ba allura, ba komai. Kuɗin ne dai ya yi zafi, sai da Yaya ta kama mini.

Da na kai wa likitar hoton, a gabana ta yi lissafin. Ta ja layi a kwamfuta daga saman ƙoda zuwa ƙasa, ta auna faɗi, ta auna kauri. Ta dama tsawonta santimita 17, ta hagu 18, alhali ta mai lafiya ba ta cika wuce 12 ba. Ta ninka tsawo da faɗi da kauri, ta ɗauki rabi da ɗan ɗoriya, don ƙoda ta fi kama da ƙwai, ba akwati ba ce. Biyun a haɗe suka ba da mililita 1,200. Ka san ledar ruwan da muke sha 500 ce. Wato leda biyu da kusan rabi nake ɗauke da su, inda na wani ba su cika leda guda ba. Tun ranar in na sayi ruwa a Kejetia sai na tsaya ina jujjuya ledar a hannu.

Ba a nan ta tsaya ba. Ta raba adadin da tsayina, mita 1.7, don ƙodar dogo irinka dama ta fi ta gajere. Sannan ta duba shekaruna 38 a wani jadawali na asibitin Mayo da ke Amurka, wanda suka fitar a 2015. Aji biyar ne, daga 1A zuwa 1E. Na farko ƙodarsu ba ta ƙara ko kashi ɗaya da rabi cikin ɗari a shekara, na ƙarshe suna wuce kashi 6. Ni na faɗa 1C, tsakiya, tsakanin kashi 3 da 4 da rabi. Wallahi na ji sanyi da na ji haka, ko da ba albishir ba ne. Baba bai taɓa sanin inda yake tsaye ba har aka fara maganar wankin ƙoda. Ni an nuna mini, kuma da sauran lokaci.

Af, kafin in manta, Alhajin kanti ya aurar da autarsa, an yi kwana uku ana kiɗa, makarantarmu ta dā kuma an yi mata sabon rufi. Ƙungiyar ƙwallon Kotoko kuwa kada ka tambaye ni, na san kai da Hearts ɗinka dariya za ka yi.

Yanzu gida ya canza. Uwargida ta rage gishiri da dunƙule, busasshen kifin nan mai gishiri ya bar tukunyarmu, ko waken Hajiya na safe sai in ce a rage yaji da miya. Ina shan maganin hawan jini kullum, ruwa kuwa kamar raƙumi. An hana ni magungunan ciwon jiki na kemis, da jiƙe-jiƙen da Inna ke aiko mini. Batun azumi likita ta ce mu zauna kafin watan ya kama, ni ma zan je wajen Malam.

Akwai wani magani, tolvaptan, da aka amince da shi a Turai tun 2015, yana rage saurin girman ƙodar, kuma 'yan aji irin nawa zuwa sama ake duba wa. Sai dai yana sa ƙishirwa da yawan fitsari, ana kuma bin hanta da gwaji. Don Allah ka tambayar mini kuɗinsa a can, in ji ko abin da za a iya ne.

Ƙanina ya ƙi zuwa sikanin, wai gara bai sani ba. Yana jin maganarka fiye da tawa. Ka kira shi ranar Juma'a bayan masallaci, lokacin yana shago shi kaɗai.

Naka,
Abokinka na Aboabo