A daina ɗora tsadar doya a kan 'yan kasuwa kaɗai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Dan Allah ka ba ni fili in yi magana kan doya, don duk shekara da zarar an shiga watan Afrilu zuwa Yuni farashi ya tashi, sai ka ji mutane a unguwannin Nima da Mamobi na Accra suna ta zagin masu sayarwa wai mu ne marasa tausayi, mu ne muke ɓoye kaya. Ni doya nake sayarwa a kasuwar Konkomba da ke Agbogbloshie, kuma wallahi maganar nan tana min ciwo.

Doyar da ake ci a Accra ba a bayan gari ake noma ta ba. Daga Bimbilla take zuwa, da Kpandai, Salaga, Nkwanta, wata kuma daga wajen Atebubu da Kintampo. A gona ɗari ɗari muke saye, ka biya masu lodi, ka biya mai tarakta ya fito da ita bakin titi saboda babbar mota ba ta iya shiga ƙauyen in an yi ruwa, sannan ka biya direba, shi ma ya ce maka man dizal ya hau, kuma gaskiyarsa ce. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Eastern Corridor, babban titin da ke saukowa daga arewa ta gabashin Ghana, a bayan motar kaya ya san abin da nake faɗa, mota na faɗawa rami doya na gogar juna, kuma ita doya in ta ji rauni ko ƙanƙani ne to daga nan ruɓa take farawa. Ga shingaye a hanya, kowanne sai an tsaya, kaya na shan rana. Kafin a sauke ka ware mai kyau ka ware wadda ta fashe, wani tulin ko kyauta ba mai karɓa. To kuɗin wadda ta lalace daga ina zai fito in ba daga ta kirkin ba?

Doyar da ake kira Puna ma, wadda kowa yake nema saboda daɗinta a ampesi (dafaffiyar doya) da suya, ita ce ba ta jure ajiya. Sabuwa tana shigowa wajen Yuli zuwa Agusta, kasuwa ta cika farashi ya faɗi har manomi ya yi kuka, bayan wasu watanni kuma a neme ta a rasa. Da akwai rumbuna masu iska a garuruwan noman da nan kasuwa, da ba a yi wannan hawa da saukar ba. Mu dai tamfol muke rufawa, wani lokaci ciyawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, Ghana tana cikin manyan masu noman doya a duniya, Najeriya ce kan gaba, kuma tamu ake zubawa a kwali ana kaiwa Ingila da Amurka. Wadda za ta fita waje ana lallaɓa ta kamar jariri, a goge ta a naɗe da takarda, amma ta cikin gida a jibge ta a ƙasa cikin taɓo.

Sai batun iri. Manomi dole ya ware wani kaso na girbinsa ya ajiye don shuka, shi ma yana rage abin da ke zuwa kasuwa. Masu binciken noma na Fumesua kusa da Kumasi da na Nyankpala kusa da Tamale sun san dabarar yanka doya ƙanana ƙanana a samu iri mai yawa, amma manoman da nake hulɗa da su da yawa ji kawai suke yi. A tura malaman gona su je su nuna musu mana.

Ina roƙon 'yan majalisarmu na Ayawaso, yankin da Nima take ciki, da na yankunan da ake noman su haɗa baki kan hanyar nan da rumbunan ajiya, ku kuma Malam Edita ku turo wakilinku Agbogbloshie da sassafe lokacin da ake sauke mota ya ɗauki hoton abin da ake zubarwa.

Na gode.
Mai karatunku, daga Nima, Accra.