Wasiƙa a kan jita da numfashi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuwa sha dariya da ka ce ka saurari kiɗan da na turo maka sau biyu amma ba ka gane kansa ba, wai kowa nasa yake yi. Ba laifinka ba ne, ni ma da farko hayaniya na ɗauke shi.

Shi wannan kiɗa, jazz fusion, a ƙarshen shekarun 1960 ya kunno kai a Amurka, lokacin da makaɗan jazz suka ɗauki kayan lantarki da bugun rock suka haɗa da nasu salon na ƙirƙirar kiɗa nan take. Sau da yawa ba a rubuta wa mai jita duk abin da zai kaɗa. Ana ba shi tushe ne kawai, wato sautukan da zai ɗora kiɗansa a kai, saura shi da kunnensa. Don haka idan za ka sake saurare, ka rabu da jitar tukuna, ka bi mai ganga da mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya. Da zarar ƙafarka ta kama bugun, za ka ji ashe hira suke yi.

Akwai labarin da nake so. A watan Fabrairun 1969 John McLaughlin, mai jita ɗan Ingila, bai daɗe da sauka New York ba ya tsinci kansa a sutudiyo tare da Miles Davis, shahararren mai busa ƙahon jazz. Kiɗan da aka ajiye masa cike yake da sauye-sauyen tushe. Miles ya umarce shi ya kaɗa kamar wanda bai iya jita ba. Sai McLaughlin ya zubar da yawancin sauye-sauyen, ya tsaya a kan tushe ɗaya, a hankali. Shi aka ɗauka a faifan In a Silent Way. McLaughlin ɗin nan kuwa, a 1971 da ya kafa ƙungiyar Mahavishnu Orchestra, gudun yatsunsa sai ka riƙe baki.

Ni gudun ne ya yaudare ni. Na shekara biyu ina hawa da sauka a kan tsirkiya har yatsuna suka yi kanta. Ranar da na naɗi kaina a waya na saurara, kunya ta kama ni: surutu ne zalla, ba waƙafi ba aya. Kiɗan Allan Holdsworth, wani mai jita ɗan Ingila, shi ya warkar da ni. Shi tun yana yaro saksofon ya so, wani abin busa, amma jita ta zo hannunsa, sai ya mayar da ita abin busa. Da wuya ka ji ƙarar tsinken kaɗa jita. Hannun hagu ne ke ɗinke sautukan su zubo kamar ruwa. Mai busa kuwa dole ya tsaya ya shaƙi iska.

Yanzu ga abin da nake yi. Ina kunna tushe ɗaya ya yi ta maimaituwa, in rera jimla da baki, sannan in nemo ta a jita. Numfashina na ƙarewa, yatsuna su tsaya. Wani lokaci sauti uku kaɗai nake yarje wa kaina na tsawon minti biyar. Da wahala, wallahi, hannu ƙaiƙayi yake yi.

Jitarka na nan, ko yara sun tsinke tsirkiyar? Gwada wannan na mako ɗaya ka naɗo min, ko da ba daɗi. A gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka