Ku janye maganar zuba jan ƙarfe babu awo

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Baƙonku na shirin rediyo na daren Talata ya ce mai zubin ƙarfe ya jefa jan ƙarfe a tukunya iya abin da ya samu, har da kan famfo da tsofaffin kwaɗuna, wai gwargwadon yawansa gwargwadon ƙarkon kaya, kuma wai tsatsa ba za ta kama ba. Mai gabatarwa bai tambaye shi ko kilo nawa ba, sai madalla yake ta yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin yaran da ke zuba dutsen injin niƙa suna jin shirin nan, kuma maganar rediyo a wurinsu yankan wuƙa ce.

Ba wanda ya ce jan ƙarfe ba shi da amfani. Ƙarfen zubi yana ɗauke da kabon wajen kashi 3.2 zuwa 3.5 cikin ɗari, yawancinsa a matsayin girafait, baƙin abin nan na bakin fensir. Naman ƙarfen da ke kewaye da shi iri biyu ne: ferait mai laushi da falait mai tauri. Idan zubi yana hucewa, kabon yakan gudu ya manne wa girafait ya bar ferait a baya. Jan ƙarfe yana tare masa hanya, sai falait ya yawaita, kaya su yi tauri, su jure goga. Yana kuma ɗan rage farin gefen nan mai cinye magagari, ko da yake bai kama ƙafar sinadarin silikon ba a wannan aikin.

Amma da awo ake yi! Kashi 0.5 zuwa 1, in an matsa 1.5. Wato gram 500 zuwa kilo 1 a narkakken ƙarfe kilo 100. Da zarar naman ya zama falait gaba ɗaya, ƙarin da za a yi asarar kuɗi ce, ga jan ƙarfe da tsada. Idan aka haura wajen kashi 3, ƙarfen ba ya iya shanye shi, sai ya ware ɗigo-ɗigo a ciki, ƙarfin ya koma baya. Kuma wuta ba ta cinye jan ƙarfe. Duk wanda ya shiga yana nan a ragowar zubin da ake mayarwa tukunya, yana taruwa. Wanda bai sa wannan a lissafi ba zai wuce awo bai sani ba.

Maganar kan famfo ita ta fi ƙona mini rai. Wannan tagulla ce, akwai tutiya da dalma a cikinta. Tutiya tana tafasa a digiri 907, ƙarfen kuwa ana zuba shi a wajen 1,400, don haka sai ta tashi da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, ta yi tartsatsi a fuskar mai riƙe da ludayi. Dalma ta fi muni: kashi 0.005, gram 5 kacal a kilo 100, ya isa ya mayar da girafait tsinke-tsinke, ƙarfin kayan ya iya faɗuwa da kusan rabi. Kan famfo kilo 1 mai dalma kashi 2 ya kawo gram 20 ke nan. Ku yi lissafin da kanku. Mai kuza a ciki ma haka, domin kuza ta ninka jan ƙarfe wajen sau 10 wurin kawo falait, kuma in ta wuce kashi 0.1 kaya sai su riƙa karyewa kamar ƙwarya.

Baƙon naku bai kuma bambanta irin ƙarfen ba. A ƙarfen zubi mai dunƙulallen girafait, wanda ake so ya lanƙwasa kafin ya karye, mai ferait yana miƙewa har kashi 18, mai falait kuwa kashi 2. Zuba wa mai ferait jan ƙarfe kashe shi ne.

Tsatsa kuwa ɗan sauƙi kawai ake samu. Ni-Resist, wani irin ƙarfen zubi da ke jure ruwan gishiri, yana da jan ƙarfe wajen kashi 6, amma da nikel wajen kashi 15 a tare, nikel ɗin ne ke riƙe jan ƙarfen.

Abin da ya kamata ya faɗa bai fi minti ɗaya ba: wayar jan ƙarfe zalla, a feɗe robar, a yanke bakin da aka yi wa soda, a busar da ita sosai don danshi na sa narkakken ƙarfe ya yi tsalle, a auna a sikeli, a sa a gindin ludayi. Tana narkewa a digiri 1,085, ba ta da gardama. Sannan a zuba ɗan gwaji mai siririn baki, a fasa, a duba launin karayar kafin a taɓa kayan mutane.

Ku dawo da shi ya gyara da bakinsa. Af, kuma maimaicin shirin da kuka mayar daidai lokacin sallar magariba, wa kuke so ya ji?

Naku mai saurare,
daga Kaduna.