Rahoton Ayyukan Shekara: Karatun Tatsuniyoyin Girka na Dā da Sababbin Sigoginsu

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa masu karatu. Kamar yadda babban taron bara ya yanke, bana mun keɓe shekarar ne ga tatsuniyoyin Girka na dā da littattafan da marubutan zamani suka sake saƙawa daga cikinsu. Ƙa'ida ɗaya kwamiti ya kafa tun farko, wato ba za a taɓa sabon littafi ba sai an leƙa tushensa. Wasu sun yi gunaguni cewa wannan jan rai ne, to amma ita ce ta fi komai amfani a shekarar.

Da Iliad muka buɗe, waƙar yaƙin Taroy mai babi 24 da ake danganta wa Homa, wadda masana ke kai ta wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yawancinmu mun zo ne da labarin da muka gani a fim, muna jiran dokin katakon da Girkawa suka ɓuya a ciki suka shiga birnin Taroy, da kibiyar da ta sami jaruminsu Akilis a dunduniya. Har waƙar ta ƙare babu ko ɗaya. Ta fara ne da fushin Akilis saboda Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ƙwace masa Birisis, baiwar da ya samu a ganima, ta kuma tsaya a jana'izar Hekta, jarumin Taroy da Akilis ya kashe, birnin bai ma faɗi ba tukuna. Labarin dokin sai a Odyssey, ɗaya waƙar da ake danganta wa Homa, da kuma waƙar Birjil ta Rumawa, shi kuwa na tsoma jariri Akilis a kogi riƙe da dunduniyarsa, wani mawaƙin Ruma ne ya kawo shi ɗaruruwan shekaru bayan Homa. A nan aka gane cewa su ma Girkawa da Rumawa kowa da yadda yake ba da nasa, ba a yau aka fara sake saƙar ba.

Zaman babi na 24 ya fi kowane tsit. Da mai karatu ya iso inda tsoho Firiyam, sarkin Taroy kuma mahaifin Hekta, ya shiga tantin Akilis da dare, ya durƙusa ya sumbaci hannun da ya kashe masa ɗa don a ba shi gawar, sai da aka ɗan dakata kafin wani ya iya cewa uffan. Bayan wannan ne muka ɗauki The Silence of the Girls na Pat Barker, wanda ya fito a 2018, inda Birisis ɗin take ba da labari da bakinta. A wurin Homa maganarta ba ta wuce kukan da ta yi kan gawar Fatirokilos, aminin Akilis, ba. Da ba mu ga wannan shirun da idonmu ba, da ba mu gane abin da Barker take cikewa ba.

Gardama ta fi zafi a kan Fenelofi, matar Odisiyos, wadda mijinta ya yi shekara 20 ba ya gida, goma a yaƙi, goma a hanya. Maneman aure suka cika mata gida suna cin dukiyar, ita kuma tana saƙa likkafanin surukinta da rana tana warwarewa da dare, har shekara uku. Mazan ƙungiya suka yaba haƙurinta. Sai wata daga cikin iyayenmu mata ta ce, “'Ya'yana, ku da haƙurin mace ya burge ku, wa ya tambayi 'yan aikin gidan?” Tana nufin kuyangi 12 da aka rataye a babi na 22 na Odyssey bisa zargin sun kwana da maneman, waɗanda Margaret Atwood ta ba su murya a The Penelopiad na 2005. Wani malami a cikinmu ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya matar da mijinta ya ɓace tana kai ƙara gaban alƙali, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi idda. Daga nan hira ta gangara kan matan 'yan ci-rani, sai da shugaba ya buga tebur aka dawo. A ganina littafin Atwood ya fi ƙarfi a bakin kuyangin. Ita Fenelofinta ta cika habaici har ta gundure ni.

Akwai batun da bai kamata rahoto ya tsallake ba. Wasu 'yan uwa sun janye a tsakiyar shekara, suna ganin karanta labarin gumakan Girkawa irin su Ziyus da Atina kusantar shirka ne. Mun mutunta ra'ayinsu, kuma kujerunsu na nan. Matsayin kwamiti shi ne adabi muke karantawa, babu mai ɗaukar waɗannan gumaka da wani matsayi. An kuma tunatar da zama cewa Sulaiman al-Bustani ya fassara Iliad zuwa Larabci, aka buga a Alƙahira a 1904.

Wannan damuwar ce ta sa zaman Edifus ya yi armashi. Bayan wasan Sofokilis, marubucin Girka na dā, inda Edifus ya kashe ubansa ya auri uwarsa duk da gudun da ya yi wa abin da masu duba suka faɗa zai faru, mun duba yadda marubuta biyu suka yi da batun ƙaddara. Tawfiq al-Hakim na Masar, a wasansa na 1949, ya nuna cewa duban ƙarya ce da boka Tiresiyas ya ƙulla don siyasar sarauta, laifin ya koma kan ɗan Adam. Shi kuwa Ola Rotimi ya kai labarin ƙasar Yarbawa a The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Odewale, wanda shi ne Edifus ɗin wasan, ya kashe dattijon da ashe ubansa ne a rikicin gona, bayan an yi wa harshen ƙabilarsa ba'a. Rikicin gona da gorin ƙabila ba sai an yi wa ɗan Najeriya sharhi ba, shi ya sa wannan zaman ya wuce lokacinsa.

Sauran ayyuka a taƙaice. An ɗage zama a watan azumi kamar kullum. Wasan kwaikwayon da muka yi niyyar nunawa bai yiwu ba, saboda ba a sami ɗakin taro a kuɗin da za mu iya ba. Littattafan waje sun yi tsada, don haka kwafi ɗaya kan zagaya hannu da yawa, wanda ya riƙe fiye da mako biyu ya san kansa. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro, masu bashin kuɗin wata su taimaka su biya kafin ranar.

Baɗi kwamiti na ba da shawarar a tsaya kan Antigoni, yarinyar da ta saɓa wa dokar sarki don ta binne ɗan uwanta. Za a fara da Sofokilis, sai Tegonni na Femi Osofisan, sannan Home Fire na Kamila Shamsie na 2017, wanda ya sa labarin cikin wani gidan Musulmi a Ingila. Ana kuma neman masu sa kai da za su fassara babi na 24 na Iliad zuwa Hausa don a karanta a buɗe shekara. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi taro.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya