Wasiƙa ga Iyaye: Littafin da 'Yan Aji Biyu Ke Karantawa a Wannan Zango

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara. Ya gida, ya ɗawainiya? Allah Ya saka da alheri.

Tun da muka raba wa 'yan aji biyu na babbar sakandare littafin adabin wannan zango, iyaye da dama suka tako har ofis. Wani uba ya ce mini, "Malama, duk labaran duniya a rasa wanda za a ba yara sai na gidan yari?" Tambayarsa a kan hanya take, shi ya sa na ga gara in amsa wa kowa a nan.

Labarin wata uwar adashi ne da kuɗin mutane suka salwanta a hannunta, aka kai ta kotu, beli ya gagara. Sai dai marubucin bai cika leƙa cikin kurkukun ba, gidan da ta bari ya tsaya a kai. Babbar 'yar ta koma uwa dare ɗaya, ita ce girki, ita ce kitson ƙanne. Kakarsu kuma ta kafe cewa a gaya wa autan wai Umma ta yi tafiya. Akwai wurin da yarinyar ta kai tuwo ranar ziyara, ganduroba ya ce sai ta fara ɗanɗanawa kafin ya karɓa, ta kai loma baki tana kallon ƙasa. Da aka zo nan, ajin ya yi tsit, har da 'yan bencin baya da ba su taɓa barin malami ya kai aya ba.

Wata ɗaliba ce ta ɗaga hannu ta ce, "To in ba a yanke mata hukunci ba, me take yi a ciki?" Tambayar da muke fata ke nan. Fiye da rabin waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. A 2019 aka sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta koma Hukumar Gidajen Gyaran Hali, ko da yake har gobe bakin mutane bai saba ba, Kurmawa da Goron Dutse gidan yari ake ce musu. Yaran sun kuma ji labarin Ƙa'idojin Bangkok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010, waɗanda suka ce kada a hukunta mace fursuna ta hanyar raba ta da ganin 'ya'yanta.

Abin da ya fi damuna shi ne gori. Yara ba su iya ɓoye abin da suka ji a tsakar gida ba, kuma ba mu san gidan da wannan jarrabawa ta taɓa ba. Idan ta taɓa naku, ku same ni ni kaɗai, maganar ba za ta wuce ofishina ba, kuma ba za a tilasta wa yaron karatu a gaban aji ba.

Aikin gidan wannan mako shi ne kowa ya rubuta wasiƙar da babbar 'yar za ta aika wa mahaifiyarta. Don Allah kada a rubuta musu, mun san hannun yayye. Ku dai tambaye su ko daidai kakar ta yi da ta ɓoye wa autan gaskiya. Mu kanmu a ɗakin malamai ba mu daidaita a kai ba.

Mai son duba littafin, akwai kwafi a ɗakin karatu, za kuma mu taɓo maganar a taron iyaye da malamai mai zuwa.

Wassalam,
Shugabar Makaranta