Hirar cikin salula ba ta isa hujjar tozarta mutum ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ake yawan tsegumi a kansa a fadojin shayi na Maraɗi, amma ba a cika tattauna shi da natsuwa ba, wato yadda abin da mutum yake furtawa a intanet game da wanda zuciyarsa take so, namiji ne ko mace, yakan sha bamban da yadda aka san shi a gida da unguwa.

Shekara 11 ke nan ina gyaran salula kusa da babbar kasuwa, kuma ko ban nema ba, saƙonni sukan faɗo a kan gilashi ina tsakiyar aiki. Abin da na fahimta shi ne masu irin wannan hira ba ɗaya suke ba. Wani yana faɗin abin da ya daɗe yana damunsa ne, domin sunan aro ya ba shi sutura kuma ba shi da wanda zai gaya wa a zahiri. Wani yaro ne da bai gama sanin kansa ba, wani kuma ɗan damfara ne da ya ɗana tarko. Hoton hira guda ba ya nuna wane ne wane a cikinsu.

Bara wani ɗalibi na unguwarmu ya shigo rumfata hannunsa yana rawa, ya ce in goge kome da ke cikin wayarsa sannan in saye ta. Wani ne ya yi wata biyu yana jan sa da hira a Facebook har ya buɗe masa cikinsa, sai ya ɗauki hotunan hirar, ya ce ko ya ba shi jika 50 ko ya watsa. Kuɗin wayar ba su kai ba. Kafin mako ya zagayo hotunan sun shiga zaurukan WhatsApp, an laƙaba wa yaron sunan ɗan luwaɗi, ya bar karatu, mahaifinsa ya tura shi ƙauye. Har yau ban ji wanda ya tambayi ko wane ne ya ɗana tarkon ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Hukuncin addini aikin malamai ne, amma kowa ya san aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da yawan zato. Haka nan dokar ƙasarmu ta 2019 a kan laifukan intanet ta tanadi hukunci ga mai ɓata suna ko watsa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam ta waɗannan hanyoyi. Wanda ya tura hoton gaba yana ganin wa'azi yake yi, alhali ɗan damfara yake taya aiki.

Ina roƙon ku shirya tattaunawa da malami da lauya, domin matasa su san inda za su kai kuka idan aka yi musu barazana, iyaye kuma su saurari 'ya'yansu kafin su yanke hukunci. Mahaifiyar yaron nan ta zo rumfata sau biyu tana tambaya ko akwai hanyar goge hotunan daga wayoyin jama'a, kuma dole na gaya mata babu.

Naku,
Mai gyaran salula, unguwar Zariya, Maraɗi